Ƙara wa Tsohuwar Motar Gudu Mai Turbo Ƙarfin Hanyar Mai: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Mota a Maraɗi

Motoci irin su Nissan 200SX, Toyota Supra, Celica GT-Four da Audi TT ba su da yawa a Maraɗi, amma masu su mutane ne masu son abinsu, kuma kusan kowannensu yana da burin ya ƙara wa turbo matsi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake yawan maimaitawa a gareji. Maganar ta shafi motoci masu injekta ne, wato ƴan bakunan da ke fesa wa inji mai. Mai Renault 5 GT Turbo, wadda ke aiki da kafireto, lissafinsa daban ne.

Me ake nufi da hanyar mai, kuma mene ne haɗinta da turbo?

Hanyar mai ita ce duk inda fetur ke bi daga tanki har cikin silinda. Famfo ne ke jawo shi ta cikin ƴar rariyar da ke bakinsa, ya tura shi ta filta da tiyo zuwa bututun da injektoci ke jere a jikinsa. A ƙarshen bututun akwai regileta, wadda ke riƙe matsin da ake buƙata, ta saki ragowar man ya koma tanki ta wani tiyo. Yawancin motocin shekarun 1980 da 1990 haka tsarinsu yake.

Turbo iska kawai yake ƙarawa, kuma iska ba ta ba da ƙarfi sai an haɗa ta da mai daidai gwargwado. A tafiyar yau da kullum inji yana ƙona nauyin iska 14.7 a kan nauyin mai 1. Da zarar an taka totur turbo ya cika, ana son haɗin ya sauko wajen 11.5 zuwa 12, wato mai ya fi yawa. Wannan rarar man ita ce ke sanyaya kan fiston. In ta yi ƙaranci, inji ba ya tsayawa ya ba ka labari: yana ci gaba da gudu yana cin kansa.

Motata lafiya lau take tafiya. Dole ne in canja wani abu?

In ba ka da niyyar ƙara matsin turbo, ba ka buƙatar babban famfo ko manyan injektoci. Kamfanin da ya ƙera motar ya auna su daidai da ƙarfinta. Abin da kake buƙata shi ne sabuntawa. Motar da ta fito a 1994 ta haura shekara talatin, robobinta sun bushe, famfonta ya gaji, injektocinta sun toshe rabi da rabi. Sabuwar filta, sabbin tiyo, sabbin zoben roba na injekta da famfo mai girman na asali sun wadatar, kuma sau da yawa mai mota yakan ji ƙarfin da yake nema ya dawo daga nan kaɗai.

Ta yaya zan gane cewa mai ba ya isar injin?

Alamomin sukan fito ne a sama, lokacin da allura ta haura juyi 4,500 kuma ƙafa tana ƙasa. Motar ta riƙa sarƙewa ko ta yi kamar an riƙe ta ta baya. Wani lokaci a ji ƙara siririya daga inji kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Wannan ƙarar ita ce mafi muni, domin mai ne ke fashewa ba a kan ƙa'ida ba, kuma ita ke fasa gefen fiston ta ƙona gasket ɗin kan inji. Supra mai injin 7M-GTE dama an san ta da raunin wannan gasket, don haka ba ta jure irin wannan ko kaɗan. In ka kwance buji ka ga bakinsa fari fat, ko da ƴan ɗige-ɗige masu ƙyalli kamar ƙarfe, ka ajiye motar.

Kada a haɗa wannan da yankewar da ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa mai da wutar buji, ke yi da gangan. Idan matsin turbo ya wuce iyakar da kamfani ya sa, ƙwaƙwalwar kan datse mai gaba ɗaya na ɗan lokaci, sai ka ji motar ta yi tsalle kamar ta bugi wani abu. Wannan kariya ce. Akwai ƴar na'urar da ake sayarwa don a ruɗe ƙwaƙwalwar ta daina yankewa, kuma ina roƙon kowa kada ya sa ta alhali famfo da injekta na asali ne.

Da wane abu zan fara?

Da awo. Kafin ka sayi komai, nemi abu biyu: agogon auna matsin mai, da na'urar auna haɗin iska da mai mai faɗin zango, wadda ake ɗaura sansarta a jikin salansa, irin mai Bosch LSU 4.9. Sansar da ta zo da motar ba ta iya wannan aikin, saboda a kusa da 14.7 kawai take gani da kyau. Kuɗin waɗannan biyun bai kai kuɗin fiston ɗaya da aikin kwance inji ba.

Bayan awo sai tsabtace tanki da canja filta, sannan famfo da wayarsa, sannan injekta tare da saitin ƙwaƙwalwa. Ƙara matsin turbo shi ne na ƙarshe. Yawancin injinan da suka lalace a hannun masu son gudu, daga ƙarshen jerin nan aka fara musu.

Yaya ake auna matsin mai?

Ana sa mahaɗi mai baki uku tsakanin filta da bututun injekta, a ɗaura agogon. A tayar da mota a bar ta a silo, a cire ɗan siririn tiyon iska da ke kan regileta a toshe shi. Da ma'aunin bar ake auna matsi, kuma yawancin motocin Japan na wancan zamani suna nuna wajen bar 3, wasu ƙasa da haka kaɗan. In aka mayar da tiyon, allurar za ta sauko da kamar rabin bar.

Wannan awon na tsaye ne, kuma famfon da ya gaji ma yakan ci wannan jarrabawa. Gwajin gaskiya a kan hanya yake. Regileta tana ƙara matsin mai daidai da matsin turbo, ɗaya bisa ɗaya. In matsin tsaye bar 3 ne kuma turbo yana ba da bar 0.8, dole agogo ya nuna 3.8 ya tsaya nan har ƙarshen giya. In ya hau sannan ya fara zamewa ƙasa yayin da juyin inji ke ƙaruwa, to mai ba ya isa, kuma laifin yana ga famfo, ko filta, ko waya. A ɗaure agogon a wajen gilashi inda na gefe zai iya karantawa. Ba a shigo da tiyon fetur cikin mota.

Wane famfo ya kamata in saya?

Yi lissafi tukuna. Injin turbo yana shan wajen cc 6 na mai a minti kan kowane ƙarfin doki ɗaya. Mai neman doki 300 yana buƙatar cc 1,800 a minti, wato lita 108 a awa. Ƙara kashi ɗaya cikin uku don rara, ka samu wajen lita 140 a awa, kuma a matsin bar 4, ba a matsin silo ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe ne ake mantawa, domin kowane famfo yawan man da yake turawa yana raguwa idan matsi ya hau.

Walbro mai lita 255 a awa, wanda ke zama cikin tanki a mazaunin na asali, ya ishi duk motar da ake hawa a titi a nan, har da rara mai yawa. Bosch 044 a wajen tanki ake ɗaura shi, yana da ƙara, kuma na masu neman ƙarfi sosai ne. Babbar matsalar ita ce jabu. Waɗannan famfuna biyu suna cikin kayan da aka fi kwaikwaya a duniya, kuma na jabun yakan yi aiki a silo ya gaza a sama. Ko daga Ƙofar Ruwa a Kano aka kawo maka, ko daga Yamai, ko ɗan'uwa ya aiko daga Turai, ka yi masa gwajin hanya da aka bayyana a sama kafin ka yarda da shi.

Kada kuma a wuce gona da iri. Famfon da ya fi ƙarfin regiletar asali yakan sa matsi ya hau a silo saboda man ya rasa hanyar komawa, sai mota ta riƙa shan mai tana wari. Yana kuma juya mai tsakanin inji da tanki fiye da kima, man ya yi zafi, wanda a garinmu ba ƙaramin abu ba ne.

Na sa sabon famfo, amma har yanzu matsi yana faɗuwa. Me ya rage?

Duba waya. Famfo yana ba da cikakken ƙarfinsa ne a wajen volt 13.5, amma tsohuwar wayar da ta taso daga gaban mota ta bi ta mahaɗai masu tsatsa takan isa tanki da 11.5 ko 12. Sa mita a kan wayoyin famfon kansa alhali inji yana aiki, ka kwatanta da abin da batir ke nunawa. In bambancin ya kai volt 1, a ja sabuwar waya mai kaurin 4 mm² daga batir, da fiyus na amfiya 20 kusa da batir ɗin, da sabon rile. Wayar ƙasa ma a kankare mazauninta har ƙarfe ya fito.

Tsohuwar wayar famfo ita za ta riƙa kunna sabon rilen. Kada mai wayarin ya haɗa famfo kai tsaye da makulli. A tsarin asali, idan inji ya mutu famfo ma yana tsayawa, kuma ranar hatsari wannan ne ke hana fetur ci gaba da feshi.

Injekta masu girman nawa nake buƙata?

Ba a son injekta ta kasance a buɗe fiye da kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na lokaci. Ɗauki cc 1,800 na doki 300, raba da 0.8, ka samu 2,250. Raba wa silinda huɗu, kowace ta tashi da wajen cc 560. Ke nan masu 550 ko 600 ne daidai.

Nissan 200SX, da mai injin CA18DET da mai SR20DET, da injekta masu cc 370 suka fito. Guda huɗu sun ba da 1,480, wanda a kashi 80 cikin ɗari bai wuce doki 200 ba, kuma samfurin 200SX da ake kira S14, mai SR20DET, dama a nan take tun daga kamfani. Rararta kaɗan ce. Supra mai 7M-GTE tana da masu 440 guda shida, don haka ta fi samun sarari. Ban ga hikimar sa masu cc 1,000 a motar da ba za ta wuce doki 300 ba. Saitin silo zai yi wuya, kuɗi kuma ya tafi a banza.

Duk injektar da ta shiga ramin za ta yi aiki?

A'a. Akwai masu ƙaramar turjiyar wuta, om 2 zuwa 4, akwai masu babba, wajen om 10 zuwa 16. Tsofaffin Toyota da Mitsubishi masu turbo da yawa suna amfani da masu ƙarama tare da wani akwatin rage wuta. In ka sa masu ƙarama a motar da aka yi don masu babba ba tare da akwatin ba, kana iya ƙona ƙwaƙwalwar mota. Mita ce ke raba gardama, minti ɗaya ya isa. Sannan wasu ta sama mai ke shigarsu, wasu ta gefe kamar na SR20DET, kuma ba sa musanya sai an canja bututun duka.

Injektocin da aka ciro daga wata mota a kai su inda ake wanke su a inji, a fesa su cikin kwalaben awo a gani. In ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 5 cikin ɗari, silindarta ce za ta fara ƙonewa, kuma sansar salansa ba za ta nuna ba tunda jimillar duka take karantawa.

Na sa manyan injektoci, yanzu mota tana baƙin hayaƙi tana mutuwa a silo. Me ya faru?

Ƙwaƙwalwar motar ba ta san an canja komai ba. Tana buɗe injekta tsawon lokacin da ta saba, sai dai yanzu mai cc 550 ce a mazaunin mai 370, don haka kusan rabi ya ƙaru a kan man da ke shiga. Wannan ba hayaƙi kawai ba ne. Rarar fetur tana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ta gangara ta tsinka na cikin inji, zobban fiston su cinye. Shinshina sandar awon baƙin mai. In tana warin fetur, a juye shi bayan an gama gyara.

Maganin shi ne saiti. Ga tsofaffin Nissan akwai Nistune, allon da ake sawa cikin ƙwaƙwalwar asali a riƙa saita ta da kwamfuta. Akwai ƙwaƙwalwa sabuwa gaba ɗaya irin Haltech, Link ko Megasquirt. Akwai kuma ƙananan na'urori irin A'PEXi SAFC masu rage adadin iskar da ƙwaƙwalwa ke gani. Suna aiki in bambancin kaɗan ne, amma suna da illa ɓoyayya: ƙwaƙwalwar da ta zaci iska kaɗan ce takan gaggauta wutar buji, abin da ke jawo ƙarar nan ta fashewa, musamman da irin manmu. Masu Supra ta 7M-GTE suna da tsohuwar dabara, su haɗa injekta masu 550 da gidan ma'aunin iska na Lexus LS400, domin dukansu sun fi na asali da kusan kashi 25 cikin ɗari, sai su daidaita juna. Ko da wannan, sai an tabbatar da na'urar awo.

In babu wanda zai yi maka saiti, kada ka sa manyan injektoci. Tsaya a kan na asali masu tsabta da matsin turbo na kamfani.

Ba zan iya ƙara matsi da regileta kawai ba, in huta da sayen injekta?

Ribar kaɗan ce. Daga bar 3 zuwa bar 4, man da injekta ke fesawa yana ƙaruwa da wajen kashi 15 cikin ɗari ne kawai, alhali famfo zai riƙa aiki a bar 5 idan turbo ya kai bar 1, inda ƙarfinsa ke raguwa sosai. Regileta mai saiti tana da amfani wajen mayar da matsi daidai bayan an sa babban famfo. Ba ta maye gurbin injekta.

Man da muke sha a Maraɗi ya dace da irin waɗannan motoci?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a nan. An ƙera motocin nan don fetur mai oktan 95, wasu ma 98, alhali abin da ake samu a gidajen mai na yankinmu galibi a wajen 91 yake. Oktan shi ne juriyar mai ga fashewa kafin lokaci. Ke nan matsin turbon da wani a Jamus ko Japan ke ce maka yana yi lafiya, kai ba lallai ya yi maka ba, ko da kayanku iri ɗaya ne. Babban famfo da manyan injektoci suna ƙara yawan mai, ba sa ƙara ingancinsa. Mai saiti ya ja wutar buji baya kaɗan, ya bar haɗin a wajen 11.5, kuma a yi saitin da man da za a riƙa sha kullum.

Sai maganar ruwa-ruwa, wato man da ake sayarwa a kwalabe da jarkoki a bakin titi. Tun 2011 matatar SORAZ ta Damagaram take tace mai, amma shekara da shekaru man da ke shigowa daga Najeriya ta Jibiya da Ɗan Isa ya fi araha. Cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023 ya canja lissafin, sai dai kwalabe da jarkoki ba su bar bakin titi ba. Masu sayarwa neman abincinsu suke, kuma babur ko tsohuwar Starlet suna sha su wuce. Motar turbo ba haka take ba. Man da ya bi ta jarka uku ya kwana a rana yana tara yashi da ruwa, sashensa mai saurin kamawa ya tashi, in kuma aka gauraya shi da kananzir oktan ɗinsa ya faɗi warwas. Zaɓi gidan mai ɗaya mai yawan ciniki ka riƙe shi. In tafiya ta tilasta maka shan na kwalba, a tace da ƙyalle mai tsabta, kuma kada ka taka totur har turbo ya cika sai wannan man ya ƙare.

Zafi da ƙura fa?

A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, iskar da turbo ke matsawa tana shiga inji da zafi fiye da kima, kuma nan ne fashewa ke samun ƙofa. Saitin da aka yi da sanyin Janairu a sake duba shi da bazara. A wanke intakula, wato mai sanyaya iskar da turbo ke turawa, a raba tiyon mai da salansa, a mayar da garkuwar zafi in an taɓa cire ta. Famfon cikin tanki man da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi, don haka kada a saba barin tanki ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu.

Ƙurar hunturu tana shiga ta murfin tanki mai mataccen roba da kuma tiyon numfashin tanki in ya tsage. Ni dai shawarata a canja filtar mai duk shekara, ba sai an jira kilomitar da littafin mota ya faɗa ba.

Sai na canja tiyo zuwa masu kauri?

Bututun ƙarfe na asali mai faɗin mm 8 ya ishi doki 300. Na roba ne abin dubawa. Nemi wanda aka rubuta SAE J30R9 a jikinsa. Mai J30R7 na ƙaramin matsi ne, na motocin kafireto. Guntun da ke cikin tanki, wanda ke haɗa famfo da murfi, dole ya zama J30R10, domin tiyon da ba a yi shi don nutsewa cikin fetur ba yakan kumbura ya fashe, sai matsi ya ɓace a rasa dalili. A ɗaure da maɗauri mai santsin ciki na injekta, kada a yi amfani da waya.

Mota tana yankewa a kwana idan mai ya yi ƙasa. Famfo ne?

Sau da yawa ba shi ba ne. Man ne ke gudu gefe ɗaya, famfo ya shaƙi iska. Duba ko rariyar sabon famfon ta kai gindin tanki kamar ta asali, kuma ko ƴar tasar da ke kewaye da ita ba ta karye ba. Masu tsere suna ƙara ɗan ƙaramin tanki na biyu, amma a titi, riƙe mai sama da kwata ya magance.

Wane hattara za a yi lokacin aiki da lokacin gwaji?

A cire fiyus ɗin famfo a bar inji ya mutu da kansa don matsi ya sauka, sannan a cire kan batir. A yi aikin a fili, nesa da mai walda, mai shayi da mai taba, da tukunyar kashe gobara a kusa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana taruwa a ramin gareji, don haka kada a buɗe tanki a kan rami. Bayan an haɗa komai, a murɗa makulli sau da yawa ba tare da tayarwa ba, a bi kowane mahaɗi da farar takarda a ga ko za ta jiƙe.

Gwajin hanya da sassafe ake yi, a shimfiɗaɗɗen wuri a wajen gari inda babu kasuwa, makaranta ko garke, ba a cikin unguwa ba. Mutum biyu ne: direba ya kalli hanya kawai, na gefe ya kalli agogon matsi da na haɗin mai. A giya ta uku, a taka daga juyi 2,500 a hau a hankali. In haɗin ya haura 12.5 alhali turbo ya cika, ko matsin mai ya zame, ko an ji ƙarar nan, na gefe ya yi magana direba ya ɗaga ƙafa nan take. In komai ya tsaya daidai, a ƙara matsin turbo da bar 0.1 kacal, a sake gwajin daga farko.